Yadda Ake Ajiye Sulallan Azurfa Su Rine Da Kansu

Masu tara tsoffin sulalla sun sha tambayata yadda azurfa ke yin launin nan mai ɗaukar ido ba tare da an shafa mata komai ba. Ga matakan:

1. Ka ware na azurfa. Na tagulla saurin dafewa suke yi, ba su cika yin kyau ba.

2. Ka sa safar hannu ta auduga.

3. Ka kama sule ta gefensa. Hattara: maiƙon yatsa na barin tambari a fuskarsa, kuma sai launi ya fara fitowa tambarin zai bayyana.

4. Kada ka goge shi, ko da ƙyalle mai laushi ne. A nan aka fi yin ɓarna, domin gogewa na karce fuska ta rage masa daraja.

5. Ka saka kowane sule a ƙaramin ambulan na takarda ruwan ƙasa, shi kaɗai. Ɗan sinadarin farar wuta da ke cikin takardar shi ke rina azurfar sannu a hankali. Ka guji leda mai laushi ta PVC, kore mai danƙo take haifarwa.

6. Ka ajiye su a busasshen wuri, tare da ƙunshin silika mai tsotse laima.

7. Ka duba duk bayan wata shida. Launin kan soma da ruwan zinariya, ya koma ja-ja, sannan shuɗi, ƙarshensa baƙi. Shekaru yake ɗauka. Masu gaggawa kan sa ƙwai ko zafin wuta, amma ƙwararru na gane wannan, kuma ni dai ban ga kyansa ba.

8. Da launin ya yi maka, ka mayar da sulen cikin ƙwanson roba mai tauri da iska ba ta shiga, kafin ya yi baƙi.