Rimot ɗin Fire Stick ya ƙi rage muryar tibi? Dakata kafin ka sayi sabo

Ranar Juma'a bayan la'asar Gwaggo ta kira ni daga gidanta a Gwammaja, wai rimot ɗin Fire Stick ɗin da na haɗa mata ya lalace, wato 'yar na'urar nan da ake sokawa a tibi don kallon bidiyo ta intanet. "Ɗan nan, komai yana yi fa, ina shiga YouTube ina canja tafsiri, amma in na danna rage murya ko gezau, ga jikoki na barci tibin sai ihu yake." Har ta miƙa wa yaron maƙwabta kuɗi zai tafi Sabon Gari ya sayo sabo. Na ce Gwaggo don Allah a riƙe kuɗin nan, ga ni nan zuwa. Abin yana damuna wallahi, don na sha ganin mutane sun jefar da rimot mai lafiya saboda wannan matsalar, su sayo sabo kuma shi ma ya ƙi.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne rimot ɗin nan da abu biyu yake magana, kuma kowanne da hanyarsa. Maɓallan sama da ƙasa, shiga, komawa baya, duk da shi Fire Stick ɗin suke magana ta Bluetooth, shi ya sa ko kana cikin bargo ka danna sai ya yi. Amma ƙara murya, rage murya, yin shiru da kashe tibi, waɗannan ba ruwansu da Fire Stick, da tibin kansa suke magana ta hasken infrared, irin na tsohon rimot da muka saba tun muna yara, wanda sai ka saita shi da tibi sannan ya ji ka. Toh in ɓangare ɗaya na aiki ɗaya ya ƙi, ba wai rimot ya mutu ba ne, hanyar tibin ce ta toshe.

Fara da batir. Sa sababbi guda 2, ƙananan nan AAA, masu kyau ba na tire ba, don na sha ganin batir ya yi sanyi Bluetooth na ci gaba da aiki amma hasken ya kasa kai wa tibi. Sai ka buɗe kyamarar wayarka ta gaba, ka saita kan rimot ɗin gare ta ka danna ƙara murya, in ka ga wani ɗan haske mai ruwan shunayya yana ƙiftawa a allon wayar toh fitilar lafiya lau take. Ido ba ya ganin hasken nan, kyamara ce ke kama shi, kuma ta bayan wasu wayoyin tana tace shi, shi ya sa na ce ta gaba. Daga nan duba ƙasan tibin inda 'yar jar fitilar nan take, a mafi yawan tibi nan ne idon da ke karɓar hasken rimot yake. Kar a ajiye fulawa ko sifika ko kwalin dabino a gabansa, kuma a goge ƙura, mu da ke Kano lokacin hunturu kwana biyu kawai sai ka iya rubuta sunanka a jikin allo.

Na Gwaggo duk ba wannan ba ne. Ina shiga falon na ga ba tibin da na sani ba ne a bango. Ashe ɗanta ya kawo mata sabon Hisense ya ɗauke tsohon LG ɗin, aka zare Fire Stick daga wancan aka soka a wannan, shikenan. Shi kuwa rimot bai san an yi canji ba, yana ta aika saƙo da yaren LG, kowane kamfani kuma da nasa lambobin infrared. Gyaran bai kai minti 5 ba. Ka shiga Settings, sai Equipment Control, sai Manage Equipment, ka zaɓi TV, sannan Change TV, ka nemo sunan kamfanin tibinka. Zai yi maka gwaji ya ce ka danna maɓalli, ya tambaye ka ko ya yi aiki. A nan ne mutane ke cutar kansu, don gaggawa sai su danna Yes alhali ba abin da ya motsa, su dai a wuce wajen. In bai yi ba ka danna No, domin kamfani ɗaya ma yana da lambobi kala-kala, sai ka ce a'a ne yake gwada na gaba. Na Gwaggo a karo na biyu ya kama.

In Chromecast with Google TV ne da kai, wato na'urar Google mai aiki irin na Fire Stick, wadda ta fito a 2020, hanyar ita ce Settings, Remotes & Accessories, Set up remote buttons. A nan za ka sa tibinka, sannan a Volume control ka zaɓi yadda murya za ta bi, ta infrared ko ta CEC ko ta cikin Chromecast ɗin kansa. Wannan na ƙarshen shi ne mafita ga masu tibin da sunansa ba ya cikin jerin kwata-kwata, irin waɗanda ake samu da rahusa a kasuwa, sai ka bar muryar tibin a sama kana ragewa daga na'urar.

Shi CEC ɗin nan saƙo ne da ke bi ta cikin wayar HDMI, ta ƙafa ta 13 cikin ƙafafu 19 da ke bakinta. Abin da ke rikita mutane kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa, Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync, Panasonic Viera Link, Philips EasyLink, sai ka yi ta neman CEC a saitin tibi ba ka gani ba alhali yana gabanka. Ka nemo shi ka kunna. Amma ni shawarata in muryar daga sifikar tibin kanta take fita ka dogara da infrared, don tibi da yawa suna karɓar kunnawa da kashewa ta CEC amma ba sa karɓar murya, ya fi yin aiki da sifikar da aka haɗa ta HDMI. Kuma CEC yana yawan rikicewa in an ɗauke wuta an dawo da ita ko an juya zuwa janareto. In jiya yana yi yau ya ƙi, zare tibin da na'urar daga soket gaba ɗaya, ba kashewa da rimot ba, ka jira minti 1, ka fara mayar da tibin sannan na'urar.

Masu wufa kuma ku duba da kyau. In sauti na fita ta wayar optical ko ja da farar wayar nan, a mafi yawan tibi ƙarfinsa a tsaye yake, za ka ga lambar murya na hawa da sauka a allo amma ƙarar na nan yadda take. Ko dai ka sa wufar a Add Equipment da ke cikin Manage Equipment na Fire Stick in tana da sunan da aka sani, ko ka mayar da wayarta ramin iyafis na tibin in yana da shi, don shi yana bin muryar tibi.

In duk ka yi wannan shiru, sai a wanke wa rimot ɗin kai. Zare Fire Stick daga wuta ka jira daƙiƙa 60, ka danne maɓallin hagu da Menu da Back tare na daƙiƙa 12, ka saki ka jira daƙiƙa 5, ka cire batir, ka mayar da Fire Stick wuta ka ba shi minti 1, sannan ka mayar da batir ka danna Home. In bai haɗu ba danne Home ɗin na daƙiƙa 10, sai ka sake bin Change TV daga farko. Sai in bayan wannan, da sabon batir, kyamara ba ta nuna hasken ba ko kaɗan, sannan ne zan ce ka tafi kasuwa, kuma ka tafi da tsohon a aljihu don a ba ka irinsa mai maɓallan ƙara da rage murya.

Gwaggo dai da na miƙa mata ta danna sau uku, muryar malam ta sauka, ta ce "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan", ta aika aka karɓo kuɗinta wajen yaron.