Kurakuran da Ke Cinye Rumbu Kafin Amarya Ta Tare

Da zarar an gama sussukar gero, an kakkaɓe riɗi, sai ranakun aure su fara fitowa a ƙauyukanmu na Jigawa, wannan na bin wannan. A danginmu ni ake miƙa wa littafi da biro idan biki ya taso, don haka na ga inda kuɗi ke zurarewa, na kuma ga halin da gidaje ke shiga bayan baƙi sun watse. Yawanci ba rashi ne ke kayar da mutane ba. Kurakurai ne 'yan kaɗan da muke ta maimaitawa, kuma duk suna da gyara.

Na farkonsu shi ne sa rana kafin a yi lissafi. Manya su haɗu a zaure, a ce wata uku, a shafa fatiha, sai bayan an tashi uban yaro ya fara tunanin inda zai samo. Daga nan duk abin da zai yi cikin gaggawa ne, mai gaggawa kuwa ba ya ciniki, ko saye zai yi ko sayarwa. Kafin ka tura wakilai, zauna da littafi ka rubuta abin da ke hannunka: buhu nawa, tumaki nawa, yaushe za ka kwashi adashi. Abin da ke hannu kawai. Alkawarin ɗan'uwa da ke Legas ko Fatakwal kada ya shiga shafin nan sai ranar da ya iso. Haka ma gudummawa. Idan lissafin ya nuna wata takwas kake bukata, ka nemi wata takwas. Iyayen yarinya ma galibi suna son lokacin, kunya ce ke hana kowa fara faɗa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne sayar da amfanin gona gaba ɗaya da kaka. Kowa ya san hatsi ya fi araha a lokacin da kowa ke kai shi kasuwa, ya kuma fi tsada idan damina ta yi nisa, wajen Yuli da Agusta, rumbuna sun yi ƙasa. Wanda ya kwashe geronsa a Nuwamba don biki, shi ne zai dawo yana awo da tiya a lokacin tsada, ga ƙarin baki a gida. Na ga wannan a gidan wani yayana. An yi biki na kece raini, kwana uku tukunya ba ta sauka ba. Da ruwa ya sauka na je gaishe shi, na tarar da murfin rumbu a jingine, cikinsa babu komai sai ƙaiƙayi. Ya ce da ni, "Ƙanena, ko iri ban bari ba." A shekarar nan ƙwadago ya yi a gonakin mutane, tasa gonar kuwa ba ta ga taki ba.

Don haka kafin a auna ko tiya ɗaya don biki, a ware abincin gida har zuwa sabuwar kaka, a ware iri, a ware kuɗin taki. Abin da ya saura shi ne na biki. Wanda ya san yana da aure a gaba, ya fara kiwo tun shekara guda kafin lokacin. Rago biyu ko ɗan maraƙi da aka ɗaure aka yi wa hidima da harawa da dusa, idan aka kai Maigatari ranar Alhamis, ko Gujungu ranar Lahadi, ko Wudil ranar Juma'a, zai ɗauke nauyin da zai cinye buhuna masu yawa. Riɗi da zoɓo su ma don irin wannan ake nomansu. Gona kuwa, don Allah kada a jinginar da ita saboda biki. Na san gonakin da aka jinginar don gado da kujeru, kujerun sun karye, gonar ba ta dawo ba.

Sai kuma haɗa wajibi da al'ada a ƙwarya ɗaya. Abin da aure ba ya ƙulluwa sai da shi sananne ne: waliyyi, shaidu, siga (lafazin bayarwa da karɓa), da sadaki. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, wato zinari da ya ɗara giram ɗaya kaɗan, kuma kimarsa a naira tana canzawa da farashin zinari, don haka a tambayi malamin gari kafin a yanke. Sadakin nan haƙƙin amarya ne, ba kuɗin cefanen biki ba. Walima sunna ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya ɗaya ne. Sauran, tun daga kayan na-gani-ina-so, lefe, anko, kamu, sayen baki, har zuwa gara, al'ada ce. Ban ce a watsar da su ba. Akwai daɗi da zumunci a cikinsu, ni ma ina son in ga an yi. Amma al'ada ana yi mata ƙari da ragi gwargwadon ƙarfi. Abin takaici, sau da yawa sai ka ga an yi lefe akwati shida, sadaki kuma an ce ajalan.

A kan lefe zan ɗan tsaya, don nan ne samari suka fi faɗawa rami. Yaro yana aikin gini ko yana tuƙa babur, sai a ce masa 'yar gidan wane akwati kaza aka kai mata. Sai ya ci bashi, ko kuma a yi abin da ya fi muni, a ari atamfofi da sarƙa a cika akwati don idon 'yan kallo, bayan biki masu kaya su zo su karɓe abinsu. Ka duba zuciyar yarinyar da ta buɗe akwatinta ta ga rabi ya tafi. Da wannan ake so ta fara yarda da mijinta? Gyaran ba wuya. A samu dattijuwa ɗaya daga kowane ɓangare, gwaggo ko inna wadda ake jin maganarta, su yi magana tun da wuri. Na taɓa jin wata gwaggonmu ta ce wa uwar yarinya, "Yaya, yaron nan namu ne, ƙarfinsa turmi goma ne, masu kyau. Kin fi son goma nata na kanta, ko ashirin na aro?" Uwar ta yi shiru, ta ce, "A kawo goman, Allah ya sa albarka." Magana ta ƙare a nan. Sannan a riƙa saye da kaɗan-kaɗan, turmi biyu yau, mayafi da takalmi wata mai zuwa. Idan za a shiga Kantin Kwari, a tafi da jerin abin da za a saya a rubuce da wadda ta san kaya, kada a tafi da ayari, don kowace za ta ga abin da ya burge ta.

Iyayen amarya su ma suna da nasu. Mafi yawa shi ne a ba kafinta aiki ba a je an ga ɗakin ba. Ranar jere sai a tarar gado ya cinye ɗaki, kujeru sun ƙi shiga ƙofa, a bar su a tsakar gida rana da raɓa su lalata su. Igiya kawai za a ɗauka a auno tsawo da faɗi da ƙofa. Kuma a garin da wuta ba ta zuwa, firji ba shi ne farko ba. Katifa mai kyau, tukwane, kwanuka, randa ko baho, fitila mai caji da hasken rana, waɗannan za ta mora kullum. Idan akwai rara, tunkiya ko keken ɗinki ya fi mata kabad na biyu. Kafinta kuma kada a biya shi duka tun farko. A ba shi kafin alƙalami, a rubuta ranar karɓa a gaban shaida, ranar ta kasance mako biyu kafin jere.

Ƙananan abubuwa kuwa, su ne ba a rubutawa kuma su ne ke ƙarar da kuɗi: goro da alawar ɗaurin aure, niƙa, itace, ruwa, lalle, hayar rumfa da tabarmi, kuɗin tela, motar 'yan kai amarya, da abincin baƙin da za su kwana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban abu, musamman idan amarya za ta ƙetare ƙaramar hukuma. Kada a yi lissafi da farashin bikin bara. A aika kasuwa a tambayo na yau, sannan a cikin kowace naira 100,000 a ɓoye 10,000 da ba za a taɓa ba sai abin da ba a zata ba ya taso. Zai taso.

Lokaci ma kuɗi ne. Watan Sha'aban kowa na son ya aurar kafin azumi, teloli sun cika, masu rumfa sun ɗaga farashi. Tsakiyar damina kuma hanyoyin fadama kan yanke, mutane suna gona. Wanda ya kauce wa cunkoson nan ya rage wa kansa kashewa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ya riga duk wani kashe kuɗi, amma shi ake barin ƙarshe: gwajin lafiya. A Jihar Kano doka ce tun 2024, a gwada rukunin jini na sikila, ciwon hanta da ƙanjamau kafin ɗaurin aure. Ko inda babu mai tambayar takarda, a yi. Idan saurayi da budurwa duka AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ya ciwon, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Idan sai an kai lefe an buga kati sannan aka gano, iyaye kan rufe ido saboda dukiyar da aka zuba, yara su zo su ɗauki wahalar. A yi gwajin tun ana gaisuwa, lokacin da janyewa ba ta da ciwo sosai.

Ranar biki kuma mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, ba biyar ba. Duk wanda ya karɓa a rubuta. Gudummawa ma a rubuta suna da adadi, don a wurinmu biki rance ne: wadda ta kawo miki kwano ko dubu biyu yau, ranar nata za ki mayar, sau da yawa har da ƙari. Mai turo kuɗi ta waya, a duba asusu a tabbatar sun shiga kafin a rubuta.

Shafin ƙarshe na littafin nawa kullum na ango ne, kuma shi nake fara cikewa. Gara za ta ƙare, ko buhu nawa ne. Nakan zaunar da yaro in tambaye shi: bayan ta ƙare, hatsin wata nawa ka ajiye? Kuɗin cefane da sabulu daga ina? Idan ta yi zazzaɓi, akwai na magani? Rufin ɗakin zai riƙe ruwan Agusta? Idan ya amsa waɗannan, sai mu juya baya mu ga nawa ya rage na shadda da rumfa.