Yadda na rage ƙarar tirelarmu

Wata biyu ke nan maƙwabta suna min ƙorafi, wai in na tada mota da asuba yara duk sai sun farka. Wata tsohuwa da ke bayan gidanmu ta aiko jikanta ya ce min ko barci ba ta samu, wallahi abin ya tsaya min a rai sosai. Ni kaina in na dawo daga Illela kunnena sai ya yi ta shuuu har dare.

Sai na sauke manhajar auna ƙara a waya, na tsaya taku 7 daga gefen salansa, mota tana silo ta nuna desibel 88 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), da yarona ya taka totur ta haura 97. Kuma daga desibel 85 zuwa sama in mutum ya yini awa 8 ciki kunne na lalacewa a hankali.

Da farko na ɗauka salansa ce kawai. Ashe gasket ɗin manifol, wato abin da ke toshe tsakanin inji da bakin bututun hayaƙi, ya ƙone, da muka haska tocila sai ga baƙin hayaƙi ya yi zane a jikin ƙarfen, noti biyu kuma sun saki. Bakanike ya canza gasket, mai walda ya toshe ramin ƙasan salansa, muka sa sabuwar roba inda bututu ke bugun sasi.

Na koma daidai wurin na sake aunawa, silo 79, totur 87. Yanzu ma sai na fita layi nake ba ta wuta.