Yadda Ake Koyar da Faransanci a Firamare Ba Tare da An Kashe wa Yara Gwiwa Ba

A manhajar Najeriya, Faransanci yana shigowa ne daga aji 4 na firamare, lokacin da yaro bai gama kokawa da Turanci ba. Abin da na sha gani wurin sababbin malamai shi ne, ranar farko su cika allo da je suis, tu es, il est, wato ni ne, kai ne, shi ne, yara su kwafa. Zango ya ƙare littafi ya cika, amma ka gaida yaro ya kasa amsawa.

Don haka ka ajiye alli tukuna. Watan farko kunne da baki ne kawai za su yi aiki. Ka tsaya bakin ƙofa ka ce bonjour, kowa ya amsa kafin ya shiga. Ka ce levez-vous kana miƙewa, asseyez-vous kana zama, ba sai ka fassara ba. Dalilin ɓoye rubutu shi ne, muddin yaro ya ga kalma kafin ya ji ta, da bakin Turanci zai karanta, ya furta har baƙaƙen ƙarshe da Faransawa ke haɗiyewa, irin t ɗin petit. In hakan ya zauna a baki, fitar da shi aiki ne ja.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne furuci, don nan ne 'ya'yan Hausawa ke tuntuɓe. Ba mu raba p da f a harshenmu, saboda haka pain, wato burodi, da faim, wato yunwa, abu ɗaya suke fitowa. Kada ka ce "ku maimaita" aji ya ɗauka gaba ɗaya, a cikin hayaniya ba za ka ji mai kuskure ba. Bi su layi-layi. Nuna musu bakinka: a p leɓɓa suna rufewa ruf sannan su buɗe, a f haƙoran sama suna kan leɓen ƙasa. A haɗa su biyu-biyu, kowa ya kalli bakin ɗan'uwansa. Haka za ka yi da v na vous, wanda suke mayarwa b. Shi kuwa u na tu, sa yaro ya ce "iii" ya riƙe, sannan ya tsuke leɓɓa kamar mai shirin fito, harshe na nan inda yake. Za su yi dariya, bar su, a haka yake shiga. Minti 5 a farkon kowane darasi ya isa, amma kada ka tsallake ko sau ɗaya.

Sai sunayen abubuwa. Ni ban yarda a koyar da suna tsirara ba, la table ake cewa ga tebur, le livre ga littafi, tare da ɗan rakiyarsa, wato la ga mace, le ga namiji. Yaranmu sun saba da namiji da mace a kalma, wannan riba ce, sai dai ka gargaɗe su kada su ɗora na Hausa a kai: rana mace ce a wurinmu, le soleil namiji ne, wata kuma namiji, la lune mace. Ba sai ka sayi katunan hoto masu tsada ba, kwalin taliya da alƙalamin maka sun wadatar. In makarantarku tana kusa da iyaka, kamar Jibiya ko Illela, da wuya ka rasa wanda ya yi karatu a Maraɗi ko Ƙonni. Gayyato shi ya yi hira da yara, su ji wata murya ban da taka.

Daga nan a shiga rubutu, kuma abin da baki ya riga ya iya shi za a fara rubutawa. Ƙirga ya tsaya a 69, domin daga 70 lissafi ne, soixante-dix, 60 da 10 ke nan, a bar shi sai aji 5. A jarrabawa ka ware rabin maki ga magana: yaro ya zo gabanka ya gaishe ka, ya faɗi sunansa da shekarunsa, ya nuna abu uku a aji ya kira sunansu.