Kafin ka rubuta "discuss about"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga 'yar dabara ga masu rubutu da Turanci, musamman ɗalibai.

Kowace kalmar Turanci tana da abokan tafiyarta. Shi ya sa za ka san ma'anar kalma sarai, amma jimlarka ta fito a karkace. Ɗauki "discuss": mun saba da "tattauna a kan", sai hannu ya zarce ya rubuta "discuss about", alhali ba a sa "about" a nan. Haka "suggest": ana cewa "suggest going" ko "suggest that", ba "suggest him to go" ba.

Maimakon gardama, ka shiga rumbun COCA a intanet. Rubutu da maganganun Turancin Amurka aka tara, kalmomi sama da biliyan 1, daga 1990 zuwa 2019. Rajista kyauta ce, sai dai an ƙayyade yawan bincike a rana. Rubuta kalmar, ka karanta layi 20 daga misalan jimlolin da za su fito, ka lura da abin da ke biyo bayanta. Mai son Turancin Ingila kuma, akwai irin wannan rumbu mai suna BNC, mai kalmomi miliyan 100.

Ni littafi na ware, duk kalmar da na duba nakan kwafe ta da jimlarta.