Shawara ga masu ɗaukar hoto: zaɓen wuri da tallata aiki

'Yan uwa masu sana'ar hoto, kada a kai kwastoma wurin da ba a taɓa takawa ba. Ana gobe aiki, a je a duba wurin daidai lokacin da za a yi ɗaukar, don bangon da ke da inuwa da safe yakan koma cikin rana da yamma. A gwada ɗauka da waya, a adana wurin a Google Maps, a rubuta lokacin. Hasken awa ɗaya bayan fitowar rana ko kafin faɗuwarta ya fi laushi. Da tsakar rana kuwa duhu kan taru a ƙarƙashin ido da hanci.

Gindin bishiya tarko ne. Hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare, gyaransa a kwamfuta kuma sai an sha wuya. Gara inuwar gini. A matso da mutum taku huɗu daga bango, a buɗe ƙofar shigar haske ta kyamara zuwa f/2.8, bayansa zai dushe. In wurin na wani ne, a nemi izini tun kafin ranar, kada a kore ku a gaban kwastoma.

A Instagram, hoton tsaye na 4:5, wato mai faɗin pixel (ɗigon hoto) 1080 da tsawon 1350, ya fi na kwance cika fuskar waya. A sa sunan wurin, masu neman mai hoto a kusa ta nan suke lalubowa. Hoton amarya ko na yara kuma, ba a ɗora shi sai masu shi sun yarda. In za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar tana matse shi ingancin ya ragu.