Yadda Ake Ɗura wa Dabba Maganin Tsutsar Hanta

1. Fara da duba dabbar. Ja fatar idonta ƙasa: idan cikin ya yi fari fat maimakon ja, ga rama, ga kumburi mai ruwa a ƙarƙashin haɓa, to akwai alamar tsutsar hanta, musamman in a fadama take kiwo. Can ne ƙananan dodon koɗi da ke raino tsutsar suke zama.

2. Nemi maganin wurin malamin dabbobi. Triclabendazole yana kashe manya da ƙananan tsutsa. Albendazole manya kawai yake kashewa, kuma ba a ba shi ga dabbar da ke da sabon ciki.

3. Kiyasta nauyinta, ka auna yadda takardar kwalbar ta ce. Rage awo don magani ya ishi garke asara ce, tsutsar ba za ta mutu ba.

4. Girgiza kwalbar. Riƙe haɓar dabbar, kada ka ɗaga kanta sama sosai. Sa sirinji ta gefen baki, bisa bayan harshe, ka matsa a hankali don kada ta shaƙe.

5. Kada a sha nononta ko a yanka ta sai kwanakin da aka rubuta sun cika.